A Rufe Tukuba da Murhun Banda, Ko a Bar Su a Fili?

Mai tsire yana da tukubarsa a bakin kasuwa. Mai balangu yana da ragar waya a kan rabin duro. Masunta kuma, irin na Yawuri da na Baga, suna da murhun banda inda su ke ƙyafe kifi. Duk waɗannan a waje su ke kwana. Waɗansu mutane su kan ce, "Ai ƙasa ce da ƙarfe, me zai same su?" Waɗansu kuwa su kan naɗe nasu da leda kam-kam. To, wa ke da gaskiya?

Rufewa ita ce daidai. Amma akwai irin rufin da ya fi bari a fili ɓarna.

Mu fara da ruwan sama. Murhun da aka gina da ƙasa kamar katangar gida ya ke. In ruwa yana dukansa kullum sai ya zaizaye. In kuma aka hura masa wuta yana jiƙe, sai ya tsattsage. Marka ɗaya ta isa ta rushe murhun da aka yi kwana da kwanaki ana gini.

Ƙarfe kuwa tsatsa ce ciwonsa. Ita tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Gishiri yana ƙara mata sauri, ga shi kuwa nama da kifi ba su rabuwa da gishiri. Toka ma tana taimakonta, gama in ta sha ruwa ta kan daɗe ba ta bushe ba, tana manne da gindin duro. Shi ya sa za ku ga duro ya kan fara hujewa daga ƙasa. Wayar da ta yi tsatsa kuma sai ta riƙa karyewa, kifi yana faɗawa cikin wuta. Kun ga an yi asarar waya, an yi asarar kifi.

Kada ku ce da rani ba ruwa, don haka ba komai. Iskar hunturu tana zuba ƙura a kan waya, ƙurar ta manne da maiƙo. Ban da wannan akwai baƙin dare. Ƙanshin kitse yana kiran ɓera da kyankyaso da kare. Da safe kuma ƙuda ya zo ya yi ƙwai a kan guntun naman da ya saura, ƙwan ya zama tsutsa.

Ɓera ya fi su duka haɗari. Yana lasar waya, ya yi fitsari da kashi a kanta. Akwai wani mugun ciwo da a ke kira zazzaɓin Lasa. An fara gano shi a shekarar 1969 a garin Lasa, cikin ƙasar Borno. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, mutum kuwa yana kamuwa ta hanyar abincin da fitsarin ɓeran ko kashinsa ya taɓa. Da rani ciwon ya fi yawa. Wuta mai ƙarfi tana kashe ƙwayar cutar, gaskiya ne. Amma gasasshen nama da busasshen kifi sau da yawa a kan bar su a kan wayar bayan wuta ta mutu, kuma hannun mai aiki yana taɓa ko'ina.

To, me ya sa leda ba ta yi ba? Ku tuna da murfin tukunya, yadda gumi ke taruwa a cikinsa. Haka leda ta ke yi. Damshin ƙasa yana tashi, ya rasa hanyar fita, ya taru a ƙarƙashinta, ya ɗiɗɗiga a kan ƙarfe. Sai ga tsatsa, ga fumfuna. Wuri mai duhu da damshi kuma shi kunama da kyankyaso su ke so. Wanda ya naɗe murhunsa wata biyu bai duba ba, ya gina musu ɗaki ne kyauta.

Abin da ya fi shi ne rumfa. Ku kafa dirkoki huɗu, ku ɗora kwano, ku bar gefe a buɗe don iska ta ratsa, hayaƙi ya fita. In zana ko ciyawa za ku sa, lalle rumfar ta yi tsawo sosai, yadda tartsatsi ba zai kai ta ba. Ku yi wa ruwa hanya kewaye da ita. Duro kuwa ku ɗora shi a kan duwatsu, kada ya zauna a ƙasa.

In an tashi daga aiki, a kankare waya tun tana da ɗumi, lokacin maiƙo bai daskare ba. A shafa mata ɗan man gyaɗa. In da hali a shiga da ita ɗaki a rataye. A jira wuta ta mutu sarai, sa'an nan a kwashe toka. Garwashi ya kan kwana da rai a cikin toka, saboda haka kada a ɗora buhu ko tamfol a kan murhu mai zafi. Kada kuma a shiga da garwashi ɗakin kwana don gudun ruwa, gama iskarsa tana kisa ba a ji warinta ba. In murhu ya huce, a rufe bakinsa da fallen kwano, a danne da dutse. Wanda ba shi da komai sai tamfol, ya rufe sama kawai, ya bar ƙasa a sake, ya riƙa buɗewa in rana ta fito.

Waɗansu su kan yayyafa fiya-fiya a murhu, har ma a kan kifi, wai don ƙwari. Wannan guba ce, cikin mutane za ta shiga. In za a soma aiki da safe, a wanke waya da ruwa da sabulu, a bar wuta ta cinye ta sosai kafin a ɗora nama ko kifi.