Akwatin Ƙawata Sauti Mai Araha: Abin Dubawa Kafin A Zare Kuɗi

A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fitar da na'urar EMT 140, wani faffaɗan faifan ƙarfe da aka rataye cikin akwatin katako, mai nauyin kusan kilo 270. Aikinta guda ne tak: ta sa murya ta fito da amo kamar a babban zaure aka rera ta. Sai manyan situdiyo ke da kuɗinta da wurin ajiye ta. A 1986 kamfanin Alesis na Amurka ya kawo Midiverb, ɗan akwatin da ake ɗauka da hannu ɗaya, a kan farashin da bai kai dala 400 ba, kuma tun daga lokacin mai naɗar waƙa a ɗakin kwanansa ya samu shiga harkar.

Kafin nan da shekara guda Yamaha ta fitar da SPX90, wadda ta tara amon ɗaki da eko da sauya kaifin murya a cikin akwati ɗaya. Irin waɗannan na'urori ba su tsaya a hannun 'yan koyo ba. Kevin Shields na ƙungiyar My Bloody Valentine, masu kundin Loveless na 1991, ya yi suna da amon nan mai tafiya da baya, kuma a SPX90 da Midiverb II yake samunsa.

Yau kasuwa ta cika da sababbi da na gwanjo, kuma abin da ke fara ɗaukar idon mai saye shi ne lambar da aka buga a jikin kwali: sautuka ɗari, sautuka ɗari biyu. Wannan lamba ba ta da nauyin da ake ba ta. Mai haɗa waƙa yakan ƙare da amon ɗaki biyu ko uku da eko ɗaya, su ne abokan aikinsa kullum, sauran kuwa sai dai a leƙa su ranar farko. Saboda haka kunne ne alƙali. A tafa hannu sau ɗaya a gaban makirfo, a yi shiru, a saurari wutsiyar amon har ta mutu. Mai kyau takan lafa sannu a hankali. Maras kyau takan yi rawa, ta bar ƙarar ƙarfe irin ta bokitin da aka buga. Daga nan sai a rera baiti mai yawan “s” da “sh” da “ts”, domin a kan waɗannan baƙaƙe ne amo mai araha yake fallatsa, kuma waƙar Hausa cike take da su. A kuma duba ko na'urar tana bari a rage tsawon amon, a dakushe kaifinsa, a ɗan jinkirta shigowarsa don kada ya haɗiye kalmomi. Midiverb II, duk da daɗin sautinta, ba ta yarda a taɓa waɗannan ba. Yadda aka tsara ta daga masana'anta haka za a karɓe ta. Quadraverb, wadda Alesis ya fitar a 1989, ta buɗe ƙofar gyara, tana kuma gudanar da sautuka huɗu lokaci guda.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen na'urar da ba don aikinsu aka ƙera ta ba. Line 6 POD ta 1998, da Boss GT-1, da Zoom G1 Four, duk don jita aka yi su, mashigarsu siginar jita take jira. Wanda murya da fiyano ne jarinsa, kamar yadda yake a yawancin situdiyon waƙoƙin Hausa, ya fi dacewa da irin TC Electronic M350 ko Lexicon MX200. Kowacce tana da injin sauti biyu, ana iya ba ɗaya amon ɗaki, ɗaya eko. Zoom MS-70CDR ƙarama ce, amma tana karɓar hagu da dama, shi ya sa masu fiyano suka rungume ta.

Sai batun haɗi. A kan miksa, ta mafitar Aux ake tura wa akwatin sauti, a dawo da shi ta wata tasha, a kuma murɗa shi ya riƙa fitar da amo zalla, in ba haka ba muryar asali za ta dawo sau biyu ta yi dishi-dishi. Mai amfani da Focusrite Scarlett 2i2, na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, ya sani cewa mafita biyu gare ta, kuma lasifikoki sun riga sun cinye su, don haka babu hanyar tura waƙa waje a dawo da ita yana saurare.

Dole a faɗi gaskiya: manhajar kwamfuta FL Studio na zuwa da nata amon, manhajar amo Valhalla Supermassive kuwa kyauta ake saukewa. Inda akwatin ya yi wa kwamfuta fintinkau shi ne lokacin rerawa. Mawaƙi ya fi sakin murya idan yana jin ɗan amo a kunnensa, kuma kwamfuta mai rauni takan makara wajen maido masa da shi, har ya rasa inda kiɗa yake. Akwati ba ya jin wannan nauyi. Dabarar ita ce a ba mawaƙi amo a kunne, a naɗi muryar tsurarta, a yi mata kwalliya daga baya.

Mai sayen gwanjo ya juya akwatin ya karanta bayansa tun a shago. Kayan da aka yi wa Amurka wutar volt 120 suke sha, ta Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200, don haka sai da taransifoma mai rage wuta. Tsofaffin Alesis da dama adaftar 9V AC suke buƙata, wadda a ido ba ta da bambanci da ta DC da ta cika kasuwa. SPX90 da Quadraverb suna da ɗan batiri a ciki mai riƙe saitin da aka ajiye, kuma bayan shekara talatin da ɗoriya yakan mutu. A ajiye saiti ɗaya, a zare waya, a jira minti biyar, a kunna a gani ko yana nan.