Sokawe Ta Cika, Ruwa Ya Dawo Banɗaki: Mai Gida Ne Zai Biya Ko Ɗan Haya?

Daga watan Yuni zuwa Yuli, lokacin da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya a Legas, rigimar da na fi ganin ana kai wa Sarkin Hausawa da shugabannin unguwa ita ce ta masai. Ruwan ƙazanta ya dawo ta ramin banɗaki, ya malale tsakar gida, mai gida na cewa ku kuka cika, ƴan haya na cewa gidanka ne. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba da Mile 12, haka kuma a Sabon Ibadan da Shagamu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin gidajen garuruwan nan ba a haɗe suke da wani babban bututun gwamnati ba, irin wanda ake da shi a wasu sassan Abuja. Kowane gida da nasa rami. Na farko shi ne tankin da kashi ke kwanciya a ƙasansa, na biyu kuma sokawe, inda ruwan ke tsiyayewa cikin ƙasa. To a Legas ruwa na kusa da sama, musamman a unguwannin da aka cike fadama aka yi gini. Da damina ƙasar ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan komai, sai ruwan ya koma inda ya fito. Shi ya sa za ka ga an kwashe rami yau, bayan sati uku ya sake cika, a yi ta zargin mai mota da ha'inci alhali ruwan ƙasa ne ke shiga ta bangon da ya tsage.

Amma gaskiya, rabin matsalar daga hannunmu take. Famfas ɗin yara, ƙunzugun mata, ledar fiya wata, tsumma, duk ba sa narkewa. Ga kitse da man ja da ake zubarwa bayan wankin tukwane, wanda ke daskarewa a cikin bututu kamar kyandir. Gidan da aka gina wa mutum goma sha biyar ramin, yanzu mutum arba'in ke kwana, ban da baƙin da ke sauka daga gida kowane mako. Kuma mu masu tsarki da ruwa ne, ga alwala da wanka, don haka ruwan da muke turawa ya fi na maƙwabtanmu. In da hali, a raba hanyar ruwan wanka da wanki da ta masai, kada kuma a bar ruwan indararo ya riƙa zuba cikin ramin.

Rami ba ya cika ba sanarwa. Ruwa zai fara jinkirin tafiya, banɗaki ya riƙa gurnani, wari ya ƙaru, gefen murfin ya jiƙe ko ba a yi ruwa ba. Nan ne ya kamata a kira motar kwashe masai, ba sai ya shigo ɗaki ba.

Batun biya kuwa, a fara duba takardar yarjejeniyar haya, domin ita ce kan gaba. In ba ta ce komai ba, dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyara da kula da wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su, shi kuma ɗan haya ya riƙe inda yake zaune da kyau, ban da lalacewar da tsufa ke kawowa. A fahimtata, tankin da ya tsage, murfin da ya rufta, ko ramin da aka gina ƙarami tun farko, na mai gida ne. Bututun da famfas ɗin ɗanka ya toshe, naka ne. Kuɗin kwashewa na lokaci-lokaci shi ne dokar ba ta faɗa ƙarara ba, kuma a gidaje da yawa karo-karo ake yi. Shawarata, a rubuta wannan tun ranar biyan kuɗin haya, a gaban ejan ko kiyateka, a kuma riƙa ajiye rasit. Dokar ba ta aiki a Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja, kuma sauran jihohi kowace da tata.

Gwamnati fa? Lambatun bakin titi da manyan magudanai nata ne, amma ramin cikin gida ba ruwanta da shi, sai dai ta hukunta. Duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, na iya ba da takardar gargaɗi, a kai ga tara ko rufe gida. Dabarar nan ta buɗe sokawe cikin kwata da daddare idan ana ruwa laifi ce, kuma ita ce ke kai ƙazanta rijiyoyin unguwa. Ba a manta da kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba.

Akwai kuma samarinmu da ake ba ƴan kuɗi su shiga rami da bokiti. Iskar da ke taruwa a ciki guba ce, tana sumar da mutum cikin ƴan daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. In mai gida ya ce mota ta yi tsada a nemo yaro, ku ce a'a, ku haɗa kuɗin motar, daga baya a zauna da rasit a yi lissafi.