Sauƙaƙa wa 'Yan Kasuwa Nauyin Dokoki: Ina Aka Kwana?

Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa daga Sakkwato ko shanu daga Potiskum zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya san cewa kuɗin mai ba shi kaɗai ne kuɗin hanya ba. Kafin kaya su isa, an biya kuɗin lodi, kuɗin sitika, kuɗin duba lafiyar dabbobi da na ƙaramar hukuma, kowanne a shingensa. Daga ƙarshe duk wannan a kan mai saye yake faɗawa.

Ƙoƙarin rage wannan nauyi ba yau aka fara shi ba. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida, an soke lasisin shigo da kaya da hukumomin sayen amfanin gona. A 1990 aka kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni. A 1998 kuma gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 21, wadda ta zayyana harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Amma shingayen ba su kau ba.

An sake ɗaura ɗamara a 2016, lokacin da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kafa majalisar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. Umarnin da aka bayar a 2017 ya tilasta wa ma'aikatu su wallafa sharuɗɗansu da kuɗinsu da wa'adinsu. Idan wa'adi ya cika ba su amsa ba, a ɗauka an amince da buƙatar. Dokar 2023 ta mayar da wannan ƙa'ida doka. A ma'aunin Bankin Duniya, Najeriya ta tashi daga matsayi na 169 a rahoton 2017 zuwa na 131 a rahoton 2020, kafin bankin ya daina fitar da shi a 2021.

Kazalika, dokar kamfanoni ta 2020 ta bai wa mutum guda damar kafa kamfani shi kaɗai, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni dolen naɗa sakatare da mai binciken lissafi. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce Naira miliyan 25 a shekara ba. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda 4, da nufin haɗe haraji masu yawa wuri guda.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Galibin gyare-gyaren na Abuja ne, alhali kuɗin da ke cin ɗan tireda da fatake ana karɓarsa ne a jihohi da ƙananan hukumomi, sau da yawa ta hannun 'yan kwangila, ba tare da rasit ba. Mai ƙaramin jari ya fi jin jiki, domin ba shi da lauya, kuma kayan gwari ba sa jiran ƙara.

Saboda haka nasarar sababbin dokokin ta ta'allaƙa ne ga yadda gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi za su aiwatar da su. Ranar da motar tumatir za ta tashi daga Kano ta isa Onitsha da takardar biya guda, ranar ce ɗan kasuwa zai ce an sauke masa kaya.