Mai Gadin da Ya Koyi Surutu

Duk wanda ya taɓa buga Skyrim, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, ya san masu gadin garuruwansa. Wannan ya ba ka labarin kibiyar da ta same shi a gwiwa, ka je wani gari, wancan ma ya maimaita maka shi. Dalili kuwa, duk abin da mutanen cikin wasa ke faɗa, marubuta ne suka rubuta, aka naɗi murya aka ajiye. Da ya ƙare, sai maimaici.

Wannan giɓin ake so ƙirƙirarriyar basira ta cike. A 2023 kamfanin Nvidia ya nuna wani mai shagon taliya, Jin, wanda za ka yi wa magana da bakinka ya amsa nan take. Manhajar kan mai da muryarka rubutu, ta ƙago amsa daidai da halin da aka tsara masa, sannan ta furta.

Akwai burgewa, ba musu. Sai dai yawan magana ba shi ne daɗin wasa ba. Marubuci ya san abin da jarumi zai ɓoye maka yau don ya girgiza ka gobe, ya san inda shiru ya fi. Manhaja kuwa amsawa aka koya mata, ga saurin biye wa mutum. Tana iya yi maka alkawarin takobin da babu shi a wasan, ko ta manta jiya kun yi faɗa. Hirar da ba ta sauya komai a labarin ba, ai zaman majalisa ce kawai.

Ga kuma ɓarna. A watan Mayun 2025 aka saka mugun jarumin fim, Darth Vader, mai amsa magana cikin wasan Fortnite, da kwaikwayon muryar marigayi James Earl Jones bisa amincewar iyalansa. Cikin 'yan sa'o'i 'yan wasa suka sa shi ashar, sai da kamfanin Epic Games mai wasan ya yi gyaran gaggawa. Ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta SAG-AFTRA, wadda a lokacin mambobinta masu ba da murya a wasannin bidiyo ke yajin aiki tun Yulin 2024, ta shigar da ƙorafi, domin abincin wasu ne ake taɓawa.

A ganina inda fasahar ta dace shi ne bakin 'yan kallo: masu gadi, 'yan kasuwa, masu wucewa. Kamfanin Ubisoft ma nan ya dosa da manhajarsa Ghostwriter a 2023, wadda ke zayyano gajerun kalaman irin waɗannan mutane, marubuci ya zaɓa, ya gyara, ya watsar da saura.