BABI NA UKU: AMFANI DA YUMƁU A FINAFINAN ƊAUKI-ƊAIƊAI NA BULON WASA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana irin rawar da yumɓu ke takawa wajen shirya finafinan da ake yi da 'yan bulullukan wasa, musamman samfurin Lego. Haka kuma za a dubi yadda wannan fasaha za ta iya zama a wuri irin Madadi ta ƙaramar hukumar Gwarzo da ƙauyukan da ke tsakaninta da Kabo, inda wasa da laka tsohon abu ne a hannun yara, amma bulon kanti baƙo ne.

3.1 Ma'anar Ɗauki-ɗaiɗai

Abin da ake nufi da ɗauki-ɗaiɗai a wannan nazari shi ne a girke wani abu marar rai a gaban kyamara, a ɗauki hotonsa guda ɗaya, a ɗan gusa shi kaɗan, a sake ɗaukar wani, a yi ta yin haka har hotunan su taru. Idan aka jera su aka haska da sauri, sai idon mai kallo ya haɗe su, ya ga kamar abin da kansa yake motsi. Fim ɗin silima yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu fim da bulon wasa kuwa galibi sukan tsaya a hoto 12 ko 15. Ke nan wanda ya zaɓi 15 yana bukatar hoto 900 kafin ya sami minti ɗaya, fim ɗin minti biyar kuwa zai ci hoto 4,500. Wannan lissafi shi ne tushen duk matsalolin da za a ambata nan gaba, domin duk abin da aka girke dole ya zauna daram na tsawon sa'o'i, wani lokaci ma kwanaki, ba tare da ya gusa ko ya sauya kama ba sai an so.

3.2 Bulon Wasa da Gazawarsa

Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin Lego a garin Billund na ƙasar Denmak a shekarar 1932. An yi wa bulon da aka sani a yau rajista a 1958, sannan a 1978 aka fito da ɗan mutum-mutumin nan mai launin ɗorawa wanda tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Daga cikin finafinan farko da suka yi suna akwai The Magic Portal, wanda Lindsay Fleay ya shirya a birnin Perth na Ostareliya tsakanin 1985 da 1989. A shekarar 2000 kamfanin da kansa ya fito da wani akwati mai ɗauke da 'yar kyamara da sunan Steven Spielberg, domin yara su riƙa shirya fim a gida. Yana da kyau a lura cewa shahararren fim ɗin The Lego Movie na 2014 da kwamfuta aka zana shi, an dai kwaikwayi tsalle-tsallen motsin ɗauki-ɗaiɗai ne da gangan.

Alfanun bulo shi ne taurinsa. A saman kowane bulo akwai 'yan maɓallai da ke shiga ramukan da ke ƙarƙashin wani, saboda haka abin da aka dasa yana nan inda aka bar shi. To amma wannan tauri shi ne kuma gazawarsa. Ɗan mutum-mutumin ba shi da gwiwar ƙafa, ba shi da ta hannu. Kansa yana juyawa, hannuwansa suna ɗagawa daga kafaɗa, ƙafafunsa suna lanƙwasawa daga ƙugu. Fuskarsa zane ce da ba ta sauyawa. Kuma babu yadda za a yi bulo ya kwarara kamar ruwa ko ya tashi kamar hayaƙi. A waɗannan gurabe ne yumɓu yake shigowa.

3.3 Ire-iren Yumɓu

Yumɓun da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi ba na ƙasa ba ne. Wani malamin zane mai suna William Harbutt ne ya haɗa shi a garin Bath na Ingila a 1897, ya sa masa suna Plasticine, aka fara yin sa don sayarwa a 1900. A nan za a kira shi yumɓun kanti. Haɗinsa garin alli ne da man shafawa irin basilin da wasu sinadarai masu maiƙo, babu ruwa a ciki, don haka ba ya bushewa ko ya shekara a fili. Da irinsa ne kamfanin Aardman na Bristol ya gina Morph a 1977, da Wallace da Gromit a 1989, da kuma kajin Chicken Run a 2000. Akwai wani na daban da ake kira Play-Doh wanda mutane kan rikita shi da wannan. Shi da fulawa da gishiri da ruwa ake yin sa, yana bushewa yana tsagewa, bai dace da aiki mai tsawo ba.

Na uku shi ne yumɓun ƙasa, wanda maginan tukwane ke haƙowa, yara kuma ke yaɓowa a bakin kududdufi da damina.

3.4 Ayyukan Yumɓu a Cikin Fim

Aiki na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne wanda mai kallo ba ya gani, wato riƙo. Kafin a fara ɗauka akan manna kusurwoyin daɓen robar da ake gini a kansa da tebur, a manna gindin kyamara ko madogarar waya, domin gusawar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba takan sa dukan dandalin ya yi girgiza a fim. Sannan sai batun tafiya. Matuƙar ɗan mutum-mutumi yana tsaye ƙiƙam, ramin tafin ƙafarsa yana kama maɓalli. Da zarar an miƙa ƙafa ɗaya gaba don ya yi taku, ramin ya bar maɓallin, sai ya kife. Tun da taku ɗaya kan ci hoto huɗu ko biyar, a yawancinsu babu abin da ke riƙe da shi sai ɗan yumɓu kamar ƙwayar dawa da aka liƙa a bayan diddige, ta ɓangaren da kyamara ba ta hange. Haka ake yi idan ana so ya karkata, ko ya riƙe abin da bai dace da tafin hannunsa ba. Idan tsalle ake so ya yi, sai a gina masa turken yumɓu, a riƙa ƙara masa tsawo hoto bayan hoto, sannan a rage. Daga baya a ɗauki hoton wurin babu kowa, a yi amfani da shi a kwamfuta a shafe turken, sai a ga mutum a sararin sama.

Aiki na biyu shi ne wanda ake gani. Alal misali, idan ana so a nuna ana zuba ruwa daga buta, sai a murza siririn yumɓu shuɗi kamar taliya, a maƙala a bakin butar, a riƙa ƙara masa tsawo har ya taɓa ƙasa, sannan a fara shimfiɗa kewaye yana faɗaɗa. Harshen wuta kuwa akan gina shi iri uku ko huɗu masu kama da juna, a riƙa musanya su a kowane hoto, sai ya yi ta rawa. Da wannan dabara ake yin jini da kumfa da taɓo da tuwo a akushi.

A nan ne fasahar ta fi shafar Bahaushe. Bulon da ake sayarwa an tsara shi ne don gidaje da suturun Turai. Wanda ke son ya nuna soro mai zanko, ko rumbu, ko rawani mai kunnuwa, ko babbar riga mai aska, ba zai same su a akwati ba. Da yumɓu zai gina su. Idan ba haka ba, sai a ga sarki da fadawansa sun fito cikin wando da kwat a gaban gidan jan bulo, suna magana da Hausa, abin ya zama bambaraƙwai.

Sai dai yumɓun kanti yana da nasa aibin. Yana barin maiƙo a jikin roba, yana riƙe sawun yatsa, launinsa yana rina farin bulo, kuma idan ya cushe a ramin ƙafa sai an sa tsinke. Saboda haka wasu suka fi son farin danƙon manna takarda irin Blu Tack wajen aikin riƙo, su bar yumɓu ga abin da za a gani.

3.5 Yanayin Ƙasar Gwarzo da Kabo

Yaron Madadi ba baƙon gini ba ne. Da damina yakan gina sa mai tozo da doki da raƙumi da laka, ya kafa musu ƙafafun tsinke. Bayan an girbe dawa kuma yakan fere kara, ya yi amfani da ɓawon da ɓargon ya ƙera mota mai tayoyi. Idan aka lura za a ga cewa kara da ƙaya suna yin irin aikin bulo, domin akan soke su a haɗa, a kuma zare. Hannun da ya iya waɗannan ya riga ya iya rabin aikin. Abin da ya rage shi ne haƙurin ɗaukar hoto 900 don minti guda, da waya mai manhaja irin Stop Motion Studio, wadda ke nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu don a auna gusawa.

Matsalar ita ce yanayi yana gaba da kowane irin yumɓu. Da hunturu iska busasshiya ce, yumɓun ƙasa yakan fara ƙamewa tun ba a yi nisa ba. Yana bushewa yana tsukewa, launinsa yana komawa fari-fari, daga nan ya tsage. A ido ba a lura, amma idan aka haska fim sai a ga saniya tana ramewa tana koɗewa cikin daƙiƙa biyar. Lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin ɗauka yana rage abin, amma ba ya kawar da shi. Saboda haka ya fi dacewa a yi amfani da shi wajen abubuwan da ba sa motsi, kamar katanga da rumbu da tukunya, a bar su su bushe sarai kafin a fara. Da bazara kuwa, lokacin da zafi kan kai digiri 40, yumɓun kanti ne ke shan wahala. Yakan yi laushi, turke ya sunkuya a hankali, abin da aka manna ya zame. Ƙurar hunturu ma tana manne masa. Mafita ita ce a yi aiki da asuba ko da dare, a guji kwan lantarki mai zafi, a ajiye yumɓun kusa da randa.

Haske ma abin lura ne. Hasken rana yana sauyawa, wutar janareto tana hawa da sauka, fitilar caji kuma tana dusashewa yayin da batir ke ƙarewa. Kowanne daga cikinsu yana sa fim ya riƙa ƙyaftawa.

3.6 Misalin Moustapha Alassane

Kada a ɗauka ɗauki-ɗaiɗai bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar da aka haifa a 1942, bakanike ne tun farko. Ya koyi aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya kuma je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren. A 1977 ya fitar da Samba le Grand, wanda ya yi da 'yan tsana ta hanyar ɗauki-ɗaiɗai. Daga baya ya yi Kokoa, wato kokawa, inda kwaɗi da hawainiya ke kamawa a fage irin na kokawar gargajiya, 'yan kallo na sowa. Ya yi zama mai tsawo a Tawa, yana aikinsa a can, ya rasu a Wagadugu a 2015. Bai yi amfani da Lego ba, da hannunsa ya ƙera 'yan wasansa, kuma zafin Tawa bai gaza na Gwarzo ba.