Raɗaɗin Ciwon Fankiriyas Mai Daɗewa da Yadda Ake Shawo Kansa

Fankiriyas wata tsoka ce mai tsawon kimanin santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Ita ke samar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, musamman mai da nama, da kuma insulin mai daidaita sukari a jini. Idan kumburi ya yi ta maimaituwa a cikinta shekara da shekaru, sai ta yi tabo, ta taurare, bututunta ya tsuke, wani lokaci har duwatsu su taru a ciki. Giya da taba su ne kan gaba wajen jawo wannan. Akwai kuma wanda ake gado, da wani nau'i mai kama matasa a ƙasashe masu zafi, wanda likitoci suka bayyana a Indonesiya a 1959, daga baya a Yuganda da Najeriya da kudancin Indiya.

Ciwon yakan tsaya a ƙahon zuci ya ratsa zuwa baya. Yana tsananta bayan cin abinci, ya ɗan lafa idan mutum ya duƙa gaba. Saboda haka ne ake yawan ɗaukarsa gyambon ciki, majiyyaci ya daɗe yana shan maganin da bai dace ba, yana gudun abinci, yana ramewa.

Raɗaɗin yana da tushe biyu, kuma gane wannan shi ne ginshiƙin jinyar. Na farko toshewar bututu, inda ruwa ke taruwa ya matse tsokar. Na biyu lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, har ta kai laka da ƙwaƙwalwa suna jin zafi ko da kumburin ya kwanta, kamar ƙararrawar da ta maƙale tana ta kaɗawa bayan an kashe gobara. Mai irin wannan ba raki yake yi ba.

Matakin farko shi ne barin giya da taba gaba ɗaya, da cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, marar maiƙo sosai. A wajen magani, likitoci kan bi tsarin hawa-hawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986 domin masu ciwon daji: a fara da farasitamol, sai tiramadol, sai mofin idan ya zama dole. Nan ne haɗari yake. Jiki na sabawa da tiramadol da mofin, suna busar da ciki, kuma yawan shansu na iya ƙara zafin kansa. Inda ake samun tiramadol a hannun 'yan tebur, mai ciwo kan koma ɗan ƙwaya ba da niyya ba. Ga raɗaɗin jijiya, piregabalin ya fi dacewa. Wani gwaji da aka buga a 2011 ya nuna yana rage shi.

Akan kuma ba da ƙwayoyin narkar da abinci. Suna gyara gudawa mai maiƙo da rama, amma tasirinsu kan zafi kaɗan ne. Daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa su, kuma hakkin majiyyaci Musulmi ne a gaya masa, ya nemi fatawa kan larura.

Idan hoto ya nuna toshewa, akan zura na'ura ta baki a cire duwatsu ko a buɗe bututun, ko a yi tiyata a haɗa shi da hanji. Wani bincike da aka yi a Holan, aka buga a 2020, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi samun sauƙi. Allurar kashe jijiyoyin bayan fankiriyas kuwa sauƙinta na makonni ne ko 'yan watanni. Cire tsokar baki ɗaya shi ne mataki na ƙarshe. Tun 1977 a Jami'ar Minnesota ake dasa ƙwayoyinta masu yin insulin a hantar majiyyaci domin rage tsananin ciwon sukari da ke biyo baya.