Me Ke Sa Batirin Mota Yawan Mutuwa?

A unguwarmu ta Kambarawa ba wuya da safe ka ga yara suna tura mota, mai ita yana ta zagin batir. Abin da na koya a garejin yayana lokacin hutu kuwa shi ne, sau da yawa batirin ba shi da laifi. Wanda ya yi gaggawar sayen sabo, kuɗinsa kawai zai zubar.

Da farko nakan duba kawunan batirin biyu. In farin gari ya taru, sai in kwance, in wanke da ruwan zafi, in goge da samfefa, in ɗaure tamau. Sa'an nan in buɗe murafan nan shida, idan mai buɗuwa ne, domin zafin bazarar Katsina yana ƙafar da ruwa. Ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

Daga nan sai awo. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In an ta da inji ya kamata ya hau wajen 14. In bai hau ba, altaneta ba ta caji, watakila ma fambel ne ya yi sako-sako.

Mai wuyar kamawa shi ne ɓarawon wuta. A kashe komai, a cire wayar nagetif, a sa ƙaramin ƙwan fitila tsakaninta da batir. In ya kama sosai, to, wani abu na shan wuta cikin dare, ko rediyo ko fitilar but. Sai a dinga zare fiyus ɗai-ɗai. Wanda aka zare ƙwan ya mutu, a layinsa ɓarawon yake.